Lamba Goma Sha Bakwai

Ranar da aka raba mana itatuwa
a bayan lakwal, nan Bagalam,
Mushe Illiyasu ya kira sunaye kamar ranar jarrabawa.
Barira ta samu mangwaro, ta rangaɗa guɗa.
Tsalha ya samu bedi, ya ce ko ba komai ya huta da sayen asuwaki.
Ni da na zo ƙarshe
aka miƙo mini gawo a baƙar leda,
tsawonsa bai kai alli biyu ba.
Aka rubuta masa goma sha bakwai
a murfin gwangwanin tumatir.

Na haƙa rami har gwiwar hannu.
Ƙasar Maraɗi yashi ce mai haɗama,
ka juye mata bido guda, ta dube ka
kamar ba ku taɓa gaisawa ba.
Dala biyar kuɗin ƙosaina,
dala biyar kuɗin ruwa a famfon Mantau.
Sati uku cikina na ƙugi a darasin lissafi,
shi kuwa ya ƙara ganye huɗu.
Na ƙirga da yatsa. Huɗu.

Sai ga ta.
Jar akuya, ƴar asalin garin nan,
mai sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa,
ta shigo ta inda katanga ta zube da damina,
ba sallama,
ta bi layi kamar mai duba makarantu.
Ta ɗanɗana na Barira.
Ta shinshina bedi, ta yi atishawa, ta wuce.
A kan nawa ta ci abincin rana.

Na bi ta da takalmi a hannu,
lungu-lungu, ta bayan injin markaɗe,
ta gaban masu gyaran kabu-kabu,
ina zaginta, ina zagin mai ita,
har ta faɗa wani zaure da na sani.
Zaurenmu.
Akuyar Inna Hasiya ce,
wadda da kuɗin ƴaƴanta aka ɗinka rigar da ke wuyana.

Inna na tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce, "Angona, ka bar jaki kana dukan taiki.
Akuya ta shiga aji ne?
Wa ya dasa, ya juya baya ba shinge?"
Na ce ai ya mutu.
Ta ce, "Gawon? Kakanka a gonar Jiratawa
kututture ya yi reno, ana masa dariya.
Yau ƙarƙashinsu ake sallar azahar.
Ransa ba a ka yake ba. Koma."

Asabar muka fito, aji guda, ba wanda ya kaɗa ƙararrawa.
Ƙayar magarya, ƙayar aduwa,
tsohuwar taya daga tasha,
kwandon da gindinsa ya fita,
tubali uku da Tsalha ya ce an ba shi
kuma ba mu tambaye shi wa ya ba shi ba.
Mushe ya naɗe ƙafar wando,
ƙaya ta soke shi, ya faɗi kalmar da ba ta cikin littafi.
Barira ta rubuta kwanakin ban ruwa na babban hutu
a bayan ƙofar aji, da gawayi.
Ni Talata.

Biyar sun mutu duk da haka.
Ba mu cire lambobinsu ba.

Kwana goma sha ɗaya sandan nan na tsaye tsirara.
A na goma sha biyu, can ƙasa, dab da yashi,
wani abu kore kamar kan allura.
Ban gaya wa kowa ba sai da ya zama biyu.

Tana zuwa har yanzu.
Ta tsaya bayan ƙaya tana tuƙa, tana kallonsa,
ni ina kallonta, bido a kafaɗa.
Jiya na kawo mata harawa a aljihu.
Na ce, ke mai gaggawa,
ƴaƴan gawo in sun zubo da rani, wa ke cin su?
Jikokin jikokinki.

Ta cinye harawar,
ta ɗan ja bakin rigata,
ta koma kallonsa.