Jinjirin Watan da Ban Gani Ba

Shekara talatin da 'yan kai, a Kware,
duk ranar da ashirin da tara ta cika,
ni ke hawa tudun bayan maƙabarta,
gulbin Rima na kwance can ƙasa,
in zaro jinjirin wata daga jan gajimare
kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafa.
Labbo Mai-ido, haka yara ke kirana.
Ban taɓa rantsuwa ba, ba a taɓa nema ba.

Bara, a ƙarshen Sha'aban,
jikata Kulu ta biyo ni da buta.
Ita ta fara ɗaga yatsa:
"Kaka, ga shi can, saman giginya!"
Na duba. Giginya na gani, dishi-dishi,
sama kuwa wankakken allo.
Na ce, "Ai tun ɗazu na gan shi."
Ƙaryar farko da na yi wa sama,
ta kwana tana ci na kamar gara a zana.

Na sa tozali.
Modi ya kawo wani ruwa a kwalba daga kasuwar Acida,
ya yi yaji, bai yi magani ba.
Sai na ɗora wa tsufa laifi.
Tsufa kuwa jaki ne,
duk abin da ka aza masa ɗauka yake.

Sai da na yi karo da turmi a tsakar gidana,
turmin da ya girmi 'ya'yana,
sannan Kulu ta ce, "Gobe sai Birni."

A asibitin ido layi har gindin dogon yaro.
Na zauna kusa da wani baduku
mai jan rini a yatsu,
yana ba ni labarin allurar da ta ƙi zare.

Likita Balkisu ba ta kai autata ba.
Ta nuna mini allo can nesa.
Na ce ban yi boko ba.
Ta ce, "Baba, ba karatu ba ne.
Ƙafafun nan uku, ina suka dosa?"
Gabas. Sama. Yamma.
Daga layi na huɗu suka koma tururuwa.

Ta ɗiga magani, ta kunna 'yar fitila,
ta leƙa idona kamar mai duba rijiya.
Ta daɗe.

"Akwai yana, wannan za mu cire.
Amma ruwan ciki ya hau, yana danne jijiya.
Ɓarawo ne marar motsi, ba zafi, ba ƙaiƙayi,
daga gefen gona yake fara ci.
Abin da ya ɗauka ya tafi.
Abin da ya rage shi za mu tsare.
Yaushe rabonka da awon ido?"
Na ce, "Mai lafiya ke zuwa asibiti?"
Ta ce, "Kai fa ka fi ni sani,
tun yana siriri ake duban wata,
ba a jira sai ya cika."

Ban sami amsa ba har muka iso tasha.

Yanzu ɗigo ɗaya da asuba, ɗaya bayan isha.
Ranar komawa Kulu ta rubuta
da gawayi a bayan ƙyaure.
Na ja Modi, yana gunaguni har ƙofar likita.
Ya dawo da tabarau
ya ce ashe uwargidansa ta yi furfura.

Bana na sake hawa tudun.
Kulu ta ɗaga yatsa, na bi shi a hankali
har bakin farce, har sama.
Wani abu ya yi fari-fari.
Ko shi ne, ko hawaye.
Jama'a suka juyo: "Labbo, ka gani?"
Na ce, "Kulu ta gani. Ita za ku tambaya."

Muka gangaro, hannuna a kafaɗarta,
ina ƙirga duwatsun hanya
da sauran idona.