Iskar da Ka Kora

A nan Patagoniya ba a cewa iska ta taso,
sai dai a ce yau ta ɗan zauna.
Itatuwan garinmu duk sun duƙa gabas
kamar masu neman kwabon da ya faɗi.

Babur ɗina ya zo daga kamfani da gilashinsa,
gajere, kamu ɗaya da 'yan yatsu,
iyakarsa ƙirjina.
Daga nan zuwa sama, ni da iska ne:
ta kama hular kwano ta jijjiga,
ta ɗura mini gurnani a kunne,
har in na sauka a garken wani
sai na yi rabin sa'a ina ce wa kowa “Na'am?”
Likitan dabbobi ke nan,
tarin rago ma da ƙyar yake ji.

Shekara shida haka.
Sai Nicanor mai shagon kayan babur a Esquel
ya ɗago mini wani daga bayan kanta,
dogo, ruwan shayi, leɓensa a murɗe sama.
“Bayan wannan,” in ji shi,
“ko ashana ka ƙyasta, sai ta ci ta cinye.”
Kuɗin allurar tumaki ɗari biyu na zube masa.
Noti huɗu, ɗaya ya ƙi raminsa
sai da muka ƙara huji.

Bai yi ƙarya ba, a faɗi alherin mutum.
Na ji muryar injina karon farko,
na ji tsakuwa tana fira da taya,
na ji kaina ina waƙa, ashe ban iya ba.
Aibinsa ma na gani, na kau da kai:
gajeren ta samansa nake kallon hanya,
wannan kuwa ta cikinsa,
ta cikin yayyafi da gawar ƙwari,
fitilar babbar mota ta fashe gida goma da magariba.
In iska ta bugo ta gefe
sai ya kama ta kamar faifai
ya ja kan babur inda ban aike shi ba.

Ran da muka nufi Río Mayo kallon askin tumaki,
Ofelia na bayana, kamar kullum tun muna da baƙin gashi.
Ni ina zaune cikin ɗaki mara bango.
Na ji dai hannunta ya ƙara matse ni,
na ce a raina, ƙauna ce.

A gidan mai na Gobernador Costa ta cire hula.
Idanu jawur, wuya ya ƙi juyawa,
hannu na rawa, mate na zuba a cinyarta.
Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta taɓa ba.
Ta ce, “Anselmo,
iskar da ka kora,
ina kake tsammani ta tafi?”

Na dubi gilashin.
Ya ɗauke ta daga goshina, ya tsallake kaina da ita,
ya sauke ta daidai kan mutum na biyu,
ba ma a miƙe ba, a dunƙule,
mari hagu, mari dama,
sa'a biyu da rabi.

Da muka dawo na jera su a kan teburin girki,
gajere da dogo, kamar 'ya'ya biyu sun yi laifi.
Na ce a mayar da na kamfani.
Ta ce kunnena fa?
Ta ɗauko jan-bakinta ta ja layi,
yatsu uku ƙasa da murɗaɗɗen leɓen.
Na sa zarto. Ya yi ƙara kamar ya san kuɗinsa.

Nicanor ya gani, ya kama kai:
“Ka yanke abin da ka biya!”

Yanzu iska tana samuna daga gira zuwa sama,
tana samunta a kafaɗa, a miƙe, ba mari.
Kunnena na hagu yana ɗan ƙugi da dare.
Gajeren yana rataye a gareji bisa ƙusa,
guntun da na yanke kuwa
da shi take kankare ƙanƙara a taga.