Hannun Goggo Jebbu

Wata uku muna ɗaukar hoton hannunta
a rumfar tsintar gyaɗa, bayan tashar Kumo.
Ba fuskarta muke so ba, yatsun kawai.
Ta ce, "Yau na ga masu zance
da suka tsaya a wuyan hannu."

Mun zo da na'ura mai ido ɗaya da hannun ƙarfe,
muka ɗura mata hoto dubu arba'in:
wannan lafiyayya, wannan ta sha ruwa,
wannan fumfuna ta kwana a cikinta.
Bappayo ya rubuta lissafin, ni na ɗaura wayoyi.

Ranar gwaji sau biyu ana ɗauke wuta.
Da janareta ya kama, bel ya soma tafiya,
hannun na sara kamar kaza a kan tsaba.
Buhu guda kafin shayina ya huce.
Goggo kan kai la'asar a kan buhu guda.

Manaja ya tafa.
Mata goma sha ɗaya na zaune da faifai a cinya,
ba wadda ta tafa.

Sai ta taso, ta tsoma hannu
cikin tarin da na'ura ta ce babu aibu,
ko kallo ba ta yi ba,
ta zaro ƙwaya ɗaya, ja, sumul, ba tabo.
Ta fasa da farce.
Ciki ya ruɓe.

Na ce, "Goggo, ta yaya?"
Ta ce, "Ba ta kai nauyin 'yan'uwanta ba.
Kuma da sanyi a jikinta,
irin na ɗakin da aka daɗe ba a kwana ba."

A wane layi na rahoto zan rubuta wannan?

Daren nan na yi odar ma'aunin nauyi,
ɗan mitsitsi, mai jin abin da bai kai ƙwayar gero ba.
Zai iso cikin sati shida.
Na san zai yi aiki, abin da ya hana ni barci ke nan.

Da safe na same ta tana ɗaure ɓarzajjiyar gyaɗa a gefen zane,
rabon masu tsinta, na ƙulin jikoki.
Ta ce, "Ɗan nan, ba na faɗa da ƙarfe,
injin niƙa ma ya zo, mun huta da turmi.
Amma in ta ƙware,
aka tambaye ta wa ya koya mata,
me za ta ce?"

Ɓawon ƙwayar nan yana aljihuna har yau.
A shafin godiya na rubuta sunanta,
shugaban sashe ya zagaye shi da jan biro:
"Wace jami'a?"