Abin da Ba a Ɗauka

Jirgin fito ya sauke mu da hantsi,
ni da babana Merv, da ɗana Lachie.
Muka tsuguna muna rage wa tayoyi iska,
don yashi ba ya son mai taurin kai.
Ka zo masa da laushi ya ba ka hanya,
ka zo da gadara ya riƙe ka har dare.

Bakin teku shi ne titi a K'gari.
Teku ke ba da aronsa da safe,
kafin la'asar ya dawo ya karɓe abinsa,
ya shafe sawun kowa, ba ya tambayar suna.

A ƙofar sansani muka tarar da Noeleen,
mai gadin gandu, jinin mutanen Butchulla,
hularta ta sha rana har ta koɗe.
Ta ce: ku kulle abinci, ku riƙe yaro kusa,
in karen daji ya zo kada ku gudu.
Kuma duk abin da kuka gani, ku bar shi inda yake,
ko ƙwanson wuri ne, ko gashin tsuntsu.

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Ya ce: ni da na yi shekara goma sha tara
ina fitar da dajin nan gungume-gungume?
Ta dube shi, ta ce: na sani.
Ba ta ƙara ba.

Mun yi wanka a tafki mai farin yashi,
ruwan sama zalla, ba kogin da ke shiga,
garau, har ka ƙirga yatsun ƙafarka.
Wani tafkin kuma ja ne kamar shayi,
ganye ya jiƙa shi tun kafin a haifi kowa.
Akwai rafin da ke tafiya ba ƙara,
ba dutsen da zai yi tuntuɓe da shi.
Lachie ya kwanta, ruwa ya kai shi kamar saƙo.

Da dare karen daji ya zagayo,
siriri, launin ƙasa, wutsiya da farin baki.
Ya ɗauke takalmin Baba na hagu, ya tafi a natse.
Lachie ya ce: shi ba a hana shi ɗauka ba?
Na ce: shi ai gidansu ne.

Rana ta uku Baba ya ce a shiga daji.
Yana ɗingishi, takalmi ɗaya nasa, ɗaya aro.
Itatuwa sun tashi daga yashi tsagwaro
har sai ka riƙe hula kafin ka ga kansu.
Ya bar hanya, ya kutsa, ya tsaya.

Kututture ne, faɗinsa ya fi ɗakina.
A jikinsa akwai tsaga uku, ɗaya bisa ɗaya,
inda aka kafa katako aka hau aka yi sara.
Ya sa hannu a ta ƙasa, gansakuka ta cika ta.
Ya ce: ni da Col Hennessy, kwana biyu.
Da ya faɗi, tsuntsaye sun yi shiru har azahar.
Mun ci abinci a kansa, mun yi murna.

Lachie ya buɗe hannuwa yana aunawa,
sau tara, bai gama zagayewa ba.
Can sama, a tsakiyar ruɓewar,
wani tsiro ya kai tsayin gwiwa.
Baba ya daɗe yana kallonsa.
Ban san me suka ce wa juna ba.

Ranar komawa, kafin jirgi ya iso,
na ga yaron yana zazzage aljihu,
wuri bakwai ya jera a bakin ruwa.
Baba ma ya laluba nasa, ba komai,
amma ya juye su duk da haka.

Yau wata biyu ke nan.
Ina share mota, yashi na fitowa,
daga kujera, daga littafi, daga kunnen jaka.
Mu ba mu ɗauko komai ba.
Shi ya biyo mu.