Abin da Turke Ke Ƙirgawa

A Sinnar, daren Talata, tsakiyar kakar rake,
waya ta tashe ni: Usta Bara'u, taho,
mitar da ka ɗaura ta koyi ƙarya.
Bawul a rufe tun bayan isha,
amma allo na rantsuwa tururi na wucewa,
tan biyu duk awa, ba fashi.
Manaja har ya rubuta sunan Hamad-Annil,
wai gyangyaɗi yake, dukiya na tsiyaya.

Na iso da fitila a goshi, sufana a aljihu,
ƙamshin maɗi na manne wa riga.
Hamad na tsaye jikin tsani,
dattijo mai 'ya'ya shida, bai ce uffan ba,
bawul ɗin kawai ya nuna min da haɓa.

Mitar nan ba ta da fanka, ba ta da haƙori.
Turke ne aka kafa a tsakiyar bututu;
tururi ya taho, ya ci karo, ya rabu biyu,
yana zubar da 'yan guguwa a bayansa,
ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya dama,
wani ɗan kunne na ƙirga su.
Yawansu shi ne saurin tafiya. Iyakarta ke nan.

Ni na san wannan tun ban riƙe alƙalami ba.
Mahaifina a Mai Wurno yakan soka gora
cikin Shuɗin Nilu da sanyin asuba,
ya duƙa ya ga yadda ruwa ke murɗawa bayanta,
ya ce: yau kogi da fushi ya kwana,
mayar da taru gida.

Na bi aikina daki-daki, kamar mai neman laifin wani.
Kibiya na kallon inda tururi ya nufa.
Daga gwiwa zuwa mita, faɗin bututu sau ashirin,
miƙe sak, da tef na sake aunawa;
sau biyar a bayanta.
Gaskit bai leƙo ciki ba,
ni na ɗaure notinan, wannan sai kishiyarsa.
Wayar ƙasa na nan daram.
Miliamfa huɗu ya kamata in gani.
Shida da rabi.

Sai na ajiye na'ura.
Na kafa bakin sukundireba jikin ƙarfe,
na ɗora ƙotar a kunnena.
Can ciki, siririn kyarma,
irin ta haƙoran mai zazzaɓi.
Na bi ta da tafin hannu, daga dogari zuwa dogari,
har gindin sabon famfon da suka girka ran Asabar
kan ƙarfen da ke ɗauke da bututuna,
ba wanda ya tambaye ni.

Hamad, kashe wancan.
Ya kashe.
Allo ya yi jim, ya sauko,
ɗaya, rabi, sifili.
Ashe kunnen bai yi ƙarya ba,
rawar maƙwabci yake ji, ya zaci baƙi ne.

Muka cusa roba ƙarƙashin ƙafafun famfo,
muka tallafi bututu gaba da baya.
Na ɗan ɗaga iyakar abin da mita za ta yi biris da shi,
kaɗan fa,
wanda ya toshe kunne don sauro
ba zai ji sallama ba.

Da aka idar da asuba aka buɗe bawul a hankali.
Ƙarfe ya yi ƙas-ƙas, ya ɗau zafi,
lamba ta hau tsaf, ba tsalle.

Manaja ya zo da takardarsa,
ya dubi allo, ya dubi roba,
ya ja layi ɗaya kan sunan.
Haƙuri bai fito bakinsa ba.
Hamad ya hura gawayi bayan sito,
ya dafa jabana da citta mai yawa,
ya zuba finjali uku.
Na ukun na nan kan bulo, yana hucewa.