Haruffa Huɗu

A bangon shagona, kan hanyar Kongolam,
Nomau ya rubuta da ragowar fenti
ana gobe zai tafi: ANA NIƘA GARI.
Mutanen Daura suka samu abin yi,
wai Lantana za ta niƙe mu duka,
har da kasuwa da masu cin ta.
Na ce su kawo dawarsu, su rage surutu.

Damina uku ke nan yana bisa ruwa,
yaron da ko kududdufi ba ya shiga,
yana wanke tukwane a jirgin kaya.
Saƙonsa kan zo bayan isha'i.
Tasalla ke karantawa,
ni ina kaɗe zani, fari fat har gira.

Daga Mombasa ya ce:
Inna, na ga sana'arki a jikin allo,
baƙi da baƙi, babu ragi.
Na shiga da murnata in sayi na tuwo,
sai ga taya, sai ga sitiyari.
A nan, gari mota ce.
Na ce to, Allah ya tsare hanya,
kar dai ya dawo ya ce in tuƙa masa ita da muciya.

A wata tashar ruwa ta Birazil
ya ga mutum da tsintsiya, riga ruwan lemo,
aka nuna masa, aka ce ga gari nan,
sunan mai sharar titi ke nan.
Wannan ta kwana biyu a raina.
Gari yana share gari
tun gari bai waye ba,
in rana ta fito kowa ya taka ya wuce.
Washegari da Barmo ya zo kwashe bola
sai da na tsaya na tambayi iyalinsa.

A Japan kuwa citta ce,
yanka siriri kamar ɓawon albasa,
an jiƙa da tsami, an aje gefen ɗanyen kifi.
Ɗanye, Tasalla? Sake dubawa.
Ta duba. Ɗanye.

Sai wasu mutane a arewacin Sifen,
masu harshensu daban da na maƙwabta,
su alkama suke kira haka.
Na ce waɗannan sun kusa,
saura su ɗauko ta su zo layi.

Ba sai an haye teku ba ma.
Iya Sikira da ke ƙofar shagona,
in ta ce gari, rogo take nufi,
ka kawo mata na masara ta ce wasa kake.

Mu kanmu fa?
Ka ja shi a baki, ya zama abin tuwo,
ka datse shi, ya zama inda aka binne cibiyarka.
Harshe ya san wannan tun yana shan nono.
Takarda ce ba ta da kunne,
ta jera huɗun nan kamar buhuna
ba ta damu da abin da ke ciki ba.

Daren jiya saƙon gajere ne,
babu sunan tasha, babu abin dariya.
Tasalla ta karanta shi a miƙe,
irin karatun 'yan aji, ba hawa ba sauka:
Inna, ina kewar gari.

Na ce wanne?
Ta juyo mini da fuskar wayar,
kamar ni zan gane abin da ita ta kasa.
Haruffa huɗu ne, irin na bangona,
sai dai nawa ruwan sama ya fara cin su.

Na kwana ina aunawa.
Tuwon dawa da kuka yake so,
ko kiran asuba daga masallacin unguwa,
ko inuwar dalbejiyar da yake gyaran keke?

Da safe mata sun yi layi da kwanoni.
Na ce Tasalla, rubuta masa: yana nan.
Ta ce wanne, Inna?
Na ɗaura ɗankwali a hanci,
na tada inji.