Giram Shida

Ruwan Legas ya tsare ni a gida.
Na shimfiɗa buhu a baranda, nan Agege,
na jera kwanrod huɗu, wanke da kananzir.

Uku na injin ne tun asali.
Na huɗu a Ladipo na sayo,
Obinna ya rantse mini: uwa ɗaya, uba ɗaya.
Sikelin Tanimu maƙerin zinari ya ƙaryata shi,
giram shida ya ɗara 'yan uwansa.

Ko ɓarin goro bai kai ba!
Amma in karanshaf ya ɗau gudu,
shi zai kaɗa kwanukan Ladidi,
ya sa Iya Risikatu ta buga mini bango.

Na ɗau magagari.
Babban kai daban, ƙarami daban,
a goga, a hure, a aza.
Ƙarfen da ka ci ba ya tsirowa,
shi ya sa hannuna ke rowa.

Biyar. Uku. Ɗaya da rabi.
Uwani na rubutawa a bayan littafin lissafinta.
Jirgin ƙasa ya wuce, lambobi suka yi rawa,
muka jira ƙasa ta natsu.

Magariba ta same mu da sauran rabin giram.
"Baba, bar shi mana."
Na ce, miƙo fitila.